Siris ɗin Kannywood ko fassarar Indiya: wanne za ka ɗora a filas?

Ƙanena yana da ɗan shagon caji da turi a bakin layinmu. Tebur ɗaya ne da tsohuwar kwamfuta, sai wayoyin caja da suka sarƙe kamar taliya 'yar murji, sai benci a waje. A bencin nan nake shan iska bayan isha'i. Duk mai son jin ra'ayin masu kallo a kan fina-finan zamani ya zo ya zauna nan kwana uku, ba sai ya tambayi kowa ba, su da kansu za su faɗa masa. Yaro zai zo da memori ƙulle a leda ya ce, "In ji Umma a sa mata na wannan satin, wai kuma kar a sa mai yankewa irin na rannan." Ɗan adaidaita sahu zai ci birki, ko inji bai kashe ba, ya ɗaga murya: "Akwai sabuwar fassara? Mai faɗa nake so, ban da kuka."

Makon jiya wani tela maƙwabcinmu, wanda bai fi wata biyu da angwancewa ba, ya zo da sabon filas mai gig 32. An kawo wa amarya talabijin cikin kayan ɗaki, yana so a cika masa filas ɗin. Ƙanena ya ce, "Da me za a cika, ango?" Ya sosa ƙeya ya ce, "To ai nan gizo ke saƙar. Ita siris take so, ni kuma Indiya na saba." Kafin ya rufe baki benci ya rabu biyu, kowa na jan ruwa gonarsa. Abin da ke tafe shi ne abin da na gaya masa a daren, haɗe da wanda hayaniya ta hana ni ƙarasawa.

Waɗannan biyun da ake gwarawa 'yan ɗaki ɗaya ne. Tun kafin a haifi yawancin masu musun, fim ɗin Indiya ya riga ya zama ɗan gari a Kano. Kwarori masu gidajen silima ne suka riƙa shigo da shi, iyayenmu suka kalla a Plaza da Orion da Marhaba da El Dorado ba tare da suna jin Indiyanci ba, amma su fito suna ba da labarin tiryan-tiryan. Da 'yan ƙungiyar Tumbin Giwa suka fitar da Turmin Danya a 1990, ƙofar fim ɗin bidiyo na Hausa ta buɗe, ba a jima ba rawa da waƙa da soyayyar mutum uku irin ta Indiya suka shigo suka yi kane-kane. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wannan aro. Kasuwar kaset da faifai ta Ƙofar Wambai ta ci zamaninta, satar fasaha da wayar hannu suka durƙusar da ita, masu shirya fim suka koma talabijin da YouTube. Tashar talabijin ta Arewa24 ta fara aiki a 2014, shirinta Daɗin Kowa ya biyo baya a 2015, sai kuma 2020, shekarar kullen korona, da Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka mayar da fim mai dogon zango, wato siris, abincin kowane mako. A can gefe kuma masu fassara fim irin su Algaita suka gano cewa ba sai an kwaikwayi Indiya ba, a ɗauko ta ɗungurungum a sa mata bakin Hausa.

Bari mu fara da abin da amarya take so. Babban abin da masoya siris ke faɗa, musamman mata, shi ne "wallahi kamar a gidanmu aka ɗauka." Wannan ba ƙaramin yabo ba ne. Uwar miji ta shigo ɗakin suruka ba sallama, ta buɗe tukunya ta leƙa, ta ce "sannu da aiki" da wata irin murya da duk matar da ta taɓa zaman gidan yawa ta san ba gaisuwa ba ce. Babu Ba'indiyen da zai iya ba ka wannan, komai kuɗin da ya zuba. Ina da gwaggo da ke kallo tare da matan gidanta a tsakar gida, ita ba kallo kawai take ba, tana cikin fim ɗin. Yarinya ta ɗauki kofi, gwaggo ta daka tsawa: "Kar ki sha, 'yar nan! An zuba abu a ciki." Yarinya ta sha. Gwaggo ta tafa hannu ta juya ga 'ya'yanta ta ce, "Kun ga irin taurin kan da nake gaya muku." Kashi ɗaya na awa guda, amma za a kwana bakwai ana tattauna shi a wajen suna, a gidan kitso, a waya da 'yar'uwar da ke aure a Maraɗi, wadda ita ma ta kalla a daren. Rabin daɗin siris ba a cikinsa yake ba, yana cikin kwanakin da ke tsakanin wannan kashi da na gaba.

Matasan benci kuwa ƙorafinsu ɗaya ne, kuma sun haddace shi: Kannywood ba ta da labari sai soyayya da kishiya. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Kwana Casa'in siyasa ce zalla, gwamna da 'yan barandansa da 'yan jarida da cin hanci, a wata ƙirƙirarriyar jiha mai suna Alfawa, kuma na ga magidantan da ba su taɓa zama gaban fim ɗin Hausa ba suna bibiyarsa. Daɗin Kowa gari ne sukutum, da almajirai da 'yan gudun hijira da 'yan shaye-shaye da Musulmi da Kirista a layi ɗaya, har ya ci kyautar Africa Magic a 2016. Gidan Badamasi barkwanci ne a kan attajiri da tarin 'ya'yan da idonsu ke kan dukiyarsa. Sai dai duk ɗaya irin waɗannan, za ka tarar da goma a YouTube da labarinsu bai wuce ɗan mai kuɗi ya ga 'yar talaka tana talla ba, uwarsa ta ce atafau. Gidan haya ɗaya za ka gani a siris huɗu, kujerun falon ma ba a sauya musu wuri ba. In matashi ya ce ya gaji, ban ga laifinsa ba.

Cutar da ta fi damun siris ita ce jan labari, kuma ba lalaci ne ya kawo ta ba, lissafi ne. A zamanin faifai, furodusa yana sayar da fim ne sau ɗaya, kashi na ɗaya da na biyu, a wuce wajen. Yanzu kuɗinsa yana zuwa ne daga tallan da YouTube ke sakawa, wanda ya danganta da yawan masu kallo da tsawon zamansu, da kuma masu ɗaukar nauyi da ake tallata hajarsu a tsakiyar shiri: mai atamfa, mai filaye, mai maganin gargajiya, mai kayan mata. Kowane ƙarin kashi ƙarin kuɗi ne. To wa zai kashe saniyar da yake tatsa? Shi ya sa maganar da za a gama a zama ɗaya sai ta ci mako uku. A nuno mota ta fito daga gida, maigadi ya buɗe ƙofa, ya rufe, mota ta hau titi, ta sha kwana, ta isa, wani maigadin ya buɗe. Datarka ce ke tafiya a wannan motar. Ni kaina na taɓa bin wani siris, ba zan kama suna ba, wata bakwai cur ina jiran a bayyana wanda ya sace jariri a asibiti. Ana saura ƙiris sai shiru. Aka ce sai sabon zango, sabon zango bai zo ba, har yau ban san ɓarawon jaririn nan ba.

Ko manyan ma ba su tsira daga haɗarin doguwar tafiya ba. Labari in ya ɗauki shekaru, rayuwar 'yan wasa tana shiga cikinsa. Masu bin Labarina sun ga yadda Nafisa Abdullahi ta bar shirin, Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya, aka daɗe ana musu a kan wacce ta fi dacewa. Daraktan Izzar So, Nura Mustapha Waye, ya rasu a 2022 shirin yana tsakiyar tashe, Allah ya jiƙansa. Wanda ya ɗauki siris ya ɗauki alƙawarin da shi kansa mai shirya shi bai san ranar cikarsa ba.

A nan fassarar Indiya ta yi wa siris fintinkau: a dare ɗaya ake gama ta. Awa biyu da rabi zuwa uku, an zalunci jarumi, ya yi haƙuri, an kai shi bango, ya rama, bos ya mutu, ka kashe waya ka kwanta ba ka bin kowa bashi. Ga ɗan adaidaitan da ya wuni a rana, wannan kaɗai ya isa hujja. Yawancin abin da ake fassarawa yanzu ba na su Amitabh Bachchan ba ne da iyayenmu suka sani, na kudancin Indiya ne, masu harshen Telugu da Tamil da Kannada, na su Allu Arjun da Prabhas da Mahesh Babu da Vijay da Yash, ko da yake a bencinmu duk Indiya ake ce musu. Kuma aiki kam akwai shi. In ka kalli Baahubali, wanda ya fito kashi biyu a 2015 da 2017, ko RRR na 2022 da waƙarsa ta ciyo kyautar Oska a 2023, za ka ga inda kuɗi ya shiga: dubban mutane a fage ɗaya, fadar sarki, yaƙi, kyamara tana shawagi kamar shirwa. Matasa in sun ce fim "ya haɗu" ko "akwai aiki", wannan suke nufi. Kannywood ba ta da aljihun da za ta yi gasa a nan, kuma duk lokacin da ta gwada faɗan mota da bindiga, dariya take jawo wa kanta.

Amma masu zagin Kannywood da maimaita labari su riƙa jin kunya kaɗan. Labarin fassara guda nawa ne? Jarumi ya sauko daga mota a hankali, iska na kaɗa rigarsa, ƙarti hamsin suka taso da adduna, ya watsar da su ko tabarau bai cire ba. A tsakiyar fim a gano ashe shi ba makanike ba ne, ɗan wani babban mutum ne da aka kashe a ƙauye shekara ashirin da suka wuce. Ka kalli goma, takwas haka suke. Su ma kishiyarsu ke nan, sai dai tasu da adda take zuwa.

Ni abin da na yi imani da shi, bayan shekarun da na yi a bencin nan, shi ne ba hoton ne ke riƙe mutanenmu a fassara ba, bakin ne. Hujjata a kwamfutar ƙanena take. Sau da yawa yana da fim ɗaya iri biyu, na asali mai hoto tangaram da rubutun Turanci a ƙasa, da fassararre wanda hotonsa ya ɗan dushe. Babu mai taɓa na asalin, har 'yan jami'a. Abin da ake biya shi ne jin bos ya kalli jarumi ya ce masa ruwa ba sa'an kwando ba ne, ɗan sanda ya yi magana sak irin ɗan sandan da ya taɓa tare ka a hanya, uwar jarumi ta yi masa faɗa da kalmomin da taka uwar take yi maka. Akwai wani ɗan barkwanci mai sanƙo a fina-finan Telugu, Brahmanandam, da in aka sa masa muryar Hausa sai ka rantse ɗan'uwan marigayi Ibro ne da ya ɓata a Indiya. Mai fassara na ƙwarai ba juya kalma yake ba, sabon wasa yake rubutawa a kan hoton wasu. Har suna yake raɗa wa fim ɗin, sunan ya bi shi, na asalin ya ɓace.

Wannan ƙarfin kuma shi ne rauninta. Mai fassarar da ya saba ba da dariya ba ya iya kama bakinsa. Uwa tana kuka a kan gawar ɗanta, sai ka ji an jefo wata shaƙiyyar magana, fagen ya lalace. Wani lokacin muryoyi biyu ko uku ne ke ɗauke da mutum goma sha biyar, sai ka rasa wa ke magana in ba ka kalli leɓe ba. Kiɗan asali yana nutsewa duk sanda murya ta shigo, ya taso in ta fita. Kuma tun da kasuwar ta buɗe, masu fassara sun yi yawa, ba kowa ne ya iya ba. Akwai wanda za ka ji ƙarara bai fahimci labarin ba, cike gurbi kawai yake da surutu. Shi ya sa masu saye ba sa tambayar sunan fim kaɗai, sai sun tambayi fassarar wa ce.

Sai maganar da ta fi shafar ango: da wa za a kalla? A nan ina da tabo. Na taɓa sa fassara a falo, Baba yana zaune yana jan carbi, ƙannena mata suna ƙasa a kan darduma. Fim yana tafiya lafiya lau, faɗa ne da ramuwar gayya, har Baba ya fara tambaya wane ne azzalumin. Kwatsam sai ruwan sama ya ɓarke, kiɗa ya tashi, jaruma ta fito da shigar da ba ta kai rabin zani ba. Na laluba rimot, babu shi. Na ɗaga matashi, na leƙa ƙarƙashin kujera. Baba ya miƙe a hankali ya ce bari ya je ya yi alwala, alhali an fi awa da idar da isha'i. Masu fassara da yawa suna yanke waƙoƙi, amma ba duka ba, kuma ko an yanke akwai giya, akwai sare kai da jini, akwai bautar gumaka da yaro zai tambaye ka ma'anarta. Fassara fim ne na mai rimot a hannu.

Siris ya fi kwanciyar hankali ta wannan fuska, domin akwai mai tsaron ƙofa. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano tana nan tun 2001, kuma ba barci take ba: a watan Mayun 2025, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da siris 22, har da Labarina da Daɗin Kowa, har sai an kai mata su ta duba. Namiji ba ya taɓa mace, shiga tana da iyaka, ba za ka yi farautar rimot ba. Sai dai kar a ɗauka an gama. Iyaye mata a unguwarmu kukansu daban ne: yara suna kwasar tsiwa da murguɗa baki da habaici daga siris, saboda da harshensu ake yi, ba sai an fassara musu ba. Yarinya ba za ta kwaikwayi jarumar Indiya ba, ta san wannan wata duniya ce, amma za ta kwaikwayi wadda ta yi kama da yayarta. Ga zuwa wajen boka da ake nunawa kamar zuwa kasuwa, ga tallan kayan mata da ke faɗowa a tsakiyar shiri kana zaune da surukarka. Kuma ba duk abin da aka ɗora a YouTube ne ya bi ta gaban hukuma ba. Dattawan benci in sun ce fim ya "yi ma'ana" suna nufin akwai faɗakarwa, azzalumi ya ga sakayya. Ni ina ganin sun cika saurin gamsuwa. A yi kashi arba'in ana koyar da makirci dalla-dalla, a yi nadama a minti biyar na ƙarshe, a ce an faɗakar?

Batun aljihu kuwa a fili yake. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowa ya koyi lissafin MB. A wayata, awa ɗaya ta YouTube a 360p takan ci wajen MB 300. Zango ɗaya na siris yakan kai kashi goma sha uku ko kusa da haka, wato wajen gig 4 ke nan, kuma siris ɗin da ya amsa sunansa ba ya tsayawa a zango ɗaya. Fassara guda, yadda ake matse ta a shagon turi, sau da yawa ba ta kai gig 1 ba. Filas ɗin ango zai ɗauki zango huɗu da fassara goma sha wani abu, ya rage wuri. Ta lokaci ma haka: zango ɗaya ya kai tsawon fassara huɗu ko biyar.

Ƙanena zai ji haushina a kan abin da zan faɗa, amma gaskiya ɗaya ce. Siris ɗin da ka karɓa a shagon turi, ko sisi ba ya isa hannun wanda ya shirya shi. In ka kalla a tasharsa ta YouTube, ko ta manhaja irin Northflix, ko a talabijin, shi ne ka saka masa. Masu kukan Kannywood ba ta zuba kuɗi a aiki su tambayi kansu ta ina kuɗin zai shigo. Wanda yake da hali ya sayi datar dare mai rahusa, ya sauke kashin a cikin manhajar YouTube ɗin kanta, ya kalla da rana. 'Yan Kannywood kuma sun daɗe suna kukan cewa fassara ta cinye musu kasuwa, tun da mai fassara bai biya ɗan wasa ba, bai hayi gida ba, bai ciyar da ma'aikata ba. Kukan yana da tushe, sai dai mai kallo ba ya sayen abu don tausayi.

Wani a benci ya jefo maganar siris na Turkiyya. Suna da kyau, akwai dawaki da takubba da kishin addini, dattawa na son su, kuma ana samun su da Hausa. Amma wanda ya gudu daga siris ɗin Kannywood saboda tsawo ya faɗa Ertugrul, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago: zango biyar ne, kashi 150 a yadda aka nuna shi a Turkiyya daga 2014 zuwa 2019, kowanne wajen awa biyu. Na Koriya kuwa na 'yan mata 'yan makaranta ne masu saurin karanta rubutun ƙasa. Fim ɗin Hausa mai kashi ɗaya ma bai mutu ba, Mai Martaba da Adam A. Zango ya fito a ciki shi Najeriya ta tura gasar Oska a 2024, sai dai irinsa ba kullum ake samu ba, ba kuma shi ake rububi a shagon turi ba.

Ango ne da kansa ya ba ni ma'aunin da na fi yarda da shi, ba tare da ya san ya bayar ba. Ya ce shi a shago ba kallo yake ba, idonsa na kan allura, waya na jingine a jikin gwangwanin maɓallai, kunne kawai yake bayarwa. In fassara ce, da an fara faɗa sai ya yi minti goma ba ya jin komai sai gum, gam, tas, dole ya ɗaga kai, har ya taɓa ɗinke bakin aljihun wani Alhaji saboda haka. In kuwa siris ne da yaran shagon suka kunna, yakan bi shi daga farko har ƙarshe bai ɗago ba. Na ce masa ai ka gama magana. Mu mutanen ji ne tun asali. Da tatsuniya aka raine mu, da wasan kwaikwayon rediyo, da su Samanja da Ƙasimu Yero da Karkuzu, waɗanda ba su da kyamarar kirki amma har yau ana maimaita maganganunsu. Matar da ke tuƙa tuwo tana bin siris daga madafi, direba yana bi daga sitiyari. Fim ɗin da ya cancanci lokacin Bahaushe shi ne wanda maganarsa za ta tsaya da ƙafarta ko an rufe hoton.

Don haka kafin ka ba da wuri a filas ko ka ƙona data, yi wannan gwajin. Kunna kashi na farko, ka kifa wayar, ka saurara minti biyar. In daga magana kaɗai ka gane wane ne babba wane ne yaro, wa ke ƙarya, wa ke jin tsoro, wace ce 'yar birni wace ce ta zo daga ƙauye, to marubucin ya yi aiki, ɗauka. In kuwa kowa magana iri ɗaya yake, boka da likita da Hajiya duk baki ɗaya, ko ka ji ana "Me kike nufi?", "Abin da ka ji na faɗa", "Wato kina nufin abin da kika faɗa?", to ana auna maka ruwa ne a madarar. Fassara ma haka: in ka yi dariya ko gabanka ya faɗi ba ka ga hoton ba, mai fassarar gwani ne. Ga siris akwai ƙarin gwaji ɗaya: daga kashi na ɗaya ka tsallaka na bakwai. In ka fahimci komai ba ka rasa komai ba, ka san abin da aka yi da biyar ɗin tsakiya. Sannan ka tambayi mai turi, ko matan gidanku da suka fi shi sani, ko zangon ya kammala. Wanda bai kammala ba, bar shi ya nuna tukuna.

Shawarar da na ba ango ke nan. Falo, inda amarya take, inda ƙannenta za su zo hutu, inda surukai za su iya yin sallama kowane lokaci, na siris ne, kammalalle, wanda ya ci gwajin kunne. Sabon aure yana bukatar abin hira, kuma mutum biyun da ba su gama sanin juna ba za su fahimci halin juna da yawa daga wanda kowannensu ya goya wa baya a rikicin gidan wasu. Fassara kuma ya ajiye ta a wayarsa, ko a wata jaka daban a filas ɗin, don daren da ya dawo a gajiye ba ya son tunani, ko ranar da abokai suka zo. Wanda yake zaune shi kaɗai, datarsa ƙalilan, haƙurinsa ƙalilan, ya riƙe fassara, ba abin da ya rasa. Wanda kuma yake son a dama da shi a hirar gidan biki, ba shi da zaɓi.

Aka ɗora masa zango uku na wani siris da fassara goma sha biyu. Na ja masa kunne cewa zango na huɗu yanzu ake sakinsa mako-mako, kar ya taɓa shi sai ya ƙare. Ya ce ai shi siris bai dame shi ba, don amarya ya karɓa.

Shekaranjiya sai ga shi da filas a hannu, zare maƙale a kafaɗar rigarsa. Ya sunkuya wajen ƙanena ya rage murya, wai ko kashi na shida na sabon zangon ya fito. Ƙanena ya ce sai Juma'a da dare. Ya yi tsaki, ya tsaya jim, ya ce shi fa ba don kansa yake tambaya ba. Sannan ya matsa ni gefe ya zauna a benci, ya ce wa ɗan adaidaitan da ke kusa da shi, "Amma fa in Hajiyar nan ta yarda ta sa hannu a takardar gidan nan, wallahi ta gama yawo."